An fasa akwatin 'yata, an sa ta tuɓe, an karanto saƙonninta a taro: ina iyakar ikon makaranta?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Tudun Wadan Zariya. 'Yata mai shekara 15 tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta kuɗi. Makon jiya kuɗin wata ɗaliba, naira dubu 20, suka ɓace a ɗakin kwanansu. Da dare, yara suna aji wajen karatu, metiron da malamin horo da wasu firifet suka shiga suka fasa kwaɗunan akwatuna. Ba su ga kuɗi ba, amma sun ga waya a akwatin 'yata. Ba zan ɓoye muku ba, ni na ba ta don in riƙa jin lafiyarta, kuma na san an hana. Washegari metiron ta kira yara biyar da gadajensu ke kusa da na mai kuɗin, har da tawa, ta sa suka tuɓe sai ɗan kamfai da rigar nono, a gaban firifet. Ba a samu komai ba. Daga nan malamin horo, namiji, ya tsare ta a ofis da bulala a hannu har ta buɗe wayar. Ya karanta hirarta da wani yaron unguwarmu, ya kuma karanto wasu saƙonnin a taron safe yana kiranta da sunan da ba zan iya maimaitawa ba. An dakatar da ita mako biyu, an ce wayar ta zama ta makaranta, za a fasa ta a gaban ɗalibai. Da na je, firinsifal ta nuna mini takardar da na sa wa hannu ranar shiga, wadda ta ce makaranta na da ikon binciken ɗalibi da kayansa a kowane lokaci. Mahaifinta ya ce in bar maganar tunda baɗi za ta zana WAEC. Yarinya ko abinci ba ta ci, ta ce ba za ta koma ba. Shin doka ta ba su wannan iko? Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya kawo wa yarinya sauƙi.

Firinsifal ta tattara duk abin da ya faru ta yi masa kuɗin goro, ta ɗora takarda ɗaya a kai. Kada ke ma ki bi ta a haka. Buɗe akwati daban, tuɓe yarinya daban, shiga cikin waya daban, karanto saƙonni a taro daban, riƙe wayar ma daban. A wasu makaranta na da hujja mai ƙarfi, a wasu hujjarta rabi da rabi ce, a guda biyu kuwa ba ta da ta cewa. In kika je kina faɗin komai da komai zalunci ne, maganar wayar da kika shigar a ɓoye za su riƙe su rufe miki baki da ita.

A Najeriya babu wata doka guda da ta zauna ta jera wa malami yadda zai caje ɗalibi daki-daki, irin yadda Ingila ta yi. Alƙali yakan tattaro hukuncin ne daga wurare da dama. Akwai tsarin mulkin 1999: sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya, sashe na 34 ya kare mutuncinsa, ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Babu inda aka ce sai mutum ya cika shekara 18 waɗannan za su hau kansa. Akwai kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda sashenta na 8 ya sake ambaton sirri, wannan karon na yaro, na 11 kuma ya ambaci mutuncinsa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar ta jin daɗi da kare yara a 2018, ita ce lauya zai ɗauka zuwa kotun Zariya. To amma sashe na 8 ɗin ya bar ƙofa, ya ce bai hana iyaye da waliyyai sa ido da tsawatarwa daidai gwargwado ba. Ta wannan ƙofar makaranta ke shigowa. Shari'ar da muka gada daga Ingila ta daɗe da ɗaukar makaranta a matsayin mai riƙon amanar iyaye: kin damƙa mata yarinya, kin ara mata wani yanki na ikonki. Don haka ma'aunin shi ne abin da uwa mai hankali da tausayi za ta yi a irin wannan hali. Uwa tana buɗe akwatin 'yarta. Amma wace uwa ce za ta tuɓe budurwar 'yarta a gaban 'ya'yan maƙwabta saboda an ce kuɗi sun ɓace?

Ga wani bambanci da ya kamata ki riƙe. Sashe na 45 na tsarin mulki ya yarda doka ta taƙaita haƙƙoƙin da ke sashe na 37 zuwa na 41, saboda tsaro, lafiyar jama'a, tarbiyya ko kare haƙƙin wasu. Sirri yana cikinsu. Mutunci, wato sashe na 34, ba ya ciki. Sirrin yarinya ana iya taɓa shi in akwai dalili. Wulaƙanta ta kuwa babu dalilin da ke halatta shi. Takardar da kika sa wa hannu yarjejeniya ce, tana da ƙarfi, ta kuma rufe akwati da loka da jaka da aljihu. Ba ta kai ga tsiraicin yarinya ba, domin mutuncinta ba mallakinki ba ne balle ki sa hannu ki bayar. An rubuta "kowane lokaci", ba a rubuta "ta kowace hanya" ba, ko an rubuta ma kotu ba za ta karanta shi haka ba.

Maganar akwati ita ce mafi sauƙi, kuma a nan makaranta ta fi ki hujja. Ɗaruruwan yara ne a wuyanta. Ana shigo da wuƙa, da ashana, da hitar dafa ruwa mai tsirarar waya, da tiramadol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Duba akwatuna ranar dawowa hutu, ko binciken ba-zata na ɗaki gaba ɗaya, abu ne da wuya alƙali ya ga laifinsa matuƙar dokar makaranta ta ambace shi kuma iyaye sun sani. Ɓatan dubu 20 a ɗaki ma dalili ne. Inda suka kuskure shi ne yadda suka yi. Binciken da ya tsaya da ƙafarsa, mai akwati tana tsaye, ita za ta sa makullinta ta buɗe, ma'aikaciya mace ta duba, ma'aikaciya ta biyu tana kallo a matsayin shaida, a rubuta abin da aka ɗauka, yarinya ta sa hannu, a ba ta kwafi. Ba a fasa kwaɗo sai mai shi ta ƙi buɗewa, ko ana tsoron wani haɗari na nan take kamar ƙaurin wuta ko makami. Dalilin wannan duka a fili yake: akwatin da aka buɗe a bayan idon mai shi, duk abin da aka ce an gani ciki tana iya cewa sa mata aka yi, duk abin da ta ce ya ɓace kuma makaranta ba ta da hanyar musantawa. Shigar da namiji ɗakin 'yan mata yana birkita kamfai da audugar al'ada rashin tunani ne. Firifet kuwa yara ne, ba ma'aikata ba ne, suna da ƙawaye suna da abokan gaba, kuma abin da suka gani da dare ya gama zaga makaranta kafin karin kumallo. Ban da haka, ko da an tsinci dubu 20 a akwatin wata, bai zama hujjar sata ba sai in mai kuɗin ta riga ta faɗi 'yan nawa-nawa ne, cikin me ta ƙulle su, da wata alama da ke jikinsu. Abin da za ki iya nema a nan ɗan kaɗan ne, kuɗin kwaɗo da abin da ya salwanta. Ki ambace shi a layi ɗaya ki wuce.

Ƙarfinki yana kan maganar jiki. Cajin jiki hawa-hawa ne. Malama za ta iya cewa yarinya ta juye aljihunta, ta cire takalmi da safa, ta cire rigar sanyi ta kaɗe ta. Hijabi ma ana iya cewa ta cire, amma a ɗaki rufe, mata zalla. Daga nan ikon malami ya ƙare. Dubi yadda doka ta yi wa wanda 'yan sanda suka kama ma: sashe na 9 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ya ce a caje shi cikin mutunci, kuma mai cajin ya zama jinsinsu ɗaya sai in larura ta gaggawa ta hana. Kaduna ta yi irin wannan doka tata a 2017. In wanda ake zargi da fashi yana da wannan kariya a hannun ɗan sanda, metiron ba ta da ikon da ya wuce na ɗan sanda a kan yarinyar da ba wanda ya ce ya ga ta ɗauki komai.

Kotunanmu sukan leƙa hukuncin ƙasashen da muke tarayya da su a tsarin shari'a. Ba dole ne su bi ba, amma suna saurara. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar jihar New Jersey da wata ɗaliba da aka sakaya sunanta da T.L.O., mai shekara 14, wadda aka kama da shan taba a banɗaki, mataimakin shugaban makaranta ya buɗe jakarta ya tarar da tabar wiwi. Kotu ta ce malami ba ya bukatar takardar izinin bincike daga kotu, amma sai ya amsa tambaya biyu. Tun farko akwai dalili mai ma'ana na zaton za a samu abin a wurin wannan ɗalibin? Sannan zurfin binciken ya dace da girman laifin, da shekarun ɗalibin, da jinsinsa? Makaranta ce ta yi nasara a waccan. A 2009 kuma aka kawo ta wata yarinya mai shekara 13 a jihar Arizona, wadda aka sa ta tuɓe ta kaɗe kamfai da rigar nono ana neman ƙwayar rage zafin ciwo. Mata biyu ne suka caje ta, a ɗaki, ba ɗalibi ko ɗaya a wurin, duk da haka kotu ta ce an keta haƙƙinta, domin abin da ake nema ba mai haɗari ba ne kuma ba wanda ya ce a kamfai ta ɓoye shi. A Ingila ƙa'idar ita ce malami ba ya wuce tufafin waje, kuma sun ƙara tsaurara ta a 2022 bayan labarin wata 'yar shekara 15 da 'yan sanda suka tuɓe a makarantarsu a Landan ana zargin wiwi, ba a samu komai ba.

Ɗora waɗannan tambayoyi biyu a kan 'yarki. Me ya sa aka zaɓe ta? Gadonta na kusa. Kusancin gado ba zargi ba ne. Duk wanda ke shiga ɗakin zai iya kai hannu. Me ake nema? Kuɗi, waɗanda ba za su kashe kowa ba in an jira awa biyu kin iso daga Tudun Wada. Wa ya ce a jikinta suke, bayan kwana ya riga ya wuce? Babu. Su wa ke kallo? Yara 'yan uwanta. Ta kowace fuska aka auna, wannan cin mutunci ne ƙarƙashin sashe na 34. In kuma har an kai hannu jikinta, ko wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, maganar ta tashi daga ladabtarwa ta shiga laifin da dokar hukunta laifuffuka ta Kaduna ta 2017 da dokar hana cin zarafi ta jihar ta 2018 suke kallo. Ki tambaye ta waɗannan biyun a hankali, ke da ita kaɗai. Ko da makaranta na da ƙwaƙƙwaran zargin cewa yarinya ta ɓoye ƙwaya ko makami a jikinta, abin yi shi ne a zaunar da ita a ofis mata biyu suna tare da ita, a kira iyaye, in abin ya kai a kira 'yan sanda ko jami'an NDLEA.

Sai waya. A nan, Hajiya, sai kin haɗiye wata magana mai ɗaci: laifin shigar da wayar naki ne kafin ya zama nata. Makaranta na da ikon hana waya, tana da ikon karɓe ta, tana da ikon yin horo a kai. Ki amsa wannan da bakinki tun kafin a tambaye ki, ki ce ke kika ba ta. Zai rage wa yarinya nauyi, kuma zai ƙwace musu sandar da suke shirin dukanki da ita.

Amma karɓe waya daban, buɗe ta daban. Laifin ya riga ya tabbata da ganin wayar a akwati. Ba a bukatar karanta saƙo ko ɗaya don tabbatar da shi. Kuɗin da ake nema kuma ba a cikin WhatsApp suke ba. Hira ta waya ita ce ainihin abin da sashe na 37 ya kira da suna. Lambar sirrin da aka karɓa da bulala a hannu ba izini ba ne, kuma ko babu bulala, dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ɗora izinin yaro a hannun iyayensa ne, a sashenta na 31. Akwai lokacin da makaranta za ta iya neman duba waya: an ce da ita ake yi wa wata ɗaliba barazana, ko ana yaɗa hotonta, ko an turo amsar jarrabawa, ko wani babba yana yaudarar yarinya. Ko a nan ma sai a kashe wayar, a sa ta a ambulan a manne, a rubuta suna da kwanan wata, a kira iyaye a buɗe a gabansu, a duba wurin da ake zargi kaɗai. Malamai su ji wannan da kyau: wanda ya ci karo da hoton tsiraicin ɗan ƙasa da shekara 18, ya tura wa kansa ko ya tura zauren malamai da sunan ajiye shaida, ya jefa kansa cikin sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015. Rufe wayar ake yi a miƙa wa hukuma.

Karanto saƙonnin a taro kuwa ba bincike ba ne ma, tozartawa ce, kuma sunan da ya kira ta da shi ɓata suna ne da ake iya neman diyya a kai. In makarantar tana tutiya da tarbiyyar Musulunci, ki tuna musu cewa aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 4 a Suratun Nur kuma ta faɗi hukuncin wanda ya jefi mace kamila ba tare da shaidu huɗu ba. Hirarta da yaron unguwa magana ce da ta kamata a kira ki a gaya miki a ofis, ƙofa a rufe. Ke ce doka ta ba ikon bin wannan, kuma ki bi shi, amma ba a wannan makon ba.

Fasa wayar fa? Wayar dukiyarki ce. Riƙe ta zuwa ƙarshen zango, a miƙa wa iyaye hannu da hannu, horo ne da ya dace. Mallake ta ko farfasa ta sai in dokar da kika sa wa hannu ta faɗi haka ƙarara, ko da ta faɗa ma ba ta ba su layinki da hotunan da ke ciki ba. A shari'a, ƙarar riƙe kayan mutum ba ta tsayuwa sai ya nema an hana shi, shi ya sa dole neman ya zama a rubuce. Kafin nan, yau ɗin nan, wanda aka yi rajistar layin da sunansa ya je ofishin kamfanin da lambarsa ta NIN a yi masa walkam-bak, wato a ba shi sabon sim mai lambar nan. Da kin sa sabon layin a wata waya kin buɗe WhatsApp, na tsohuwar wayar zai fita da kansa. Ki canza lambobin sirrin imel da Facebook, in kuma layin na haɗe da asusun banki ki sanar da bankin. Ki nemo rasit ko kwalin wayar, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, na jiki.

Dakatarwar mako biyu kan waya da wuya a rushe ta, kuma ba mu ba ki shawarar ki ɓata ƙarfinki a kai ba. A 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, inda aka samu kayan ƙungiyar asiri a ɗakin ɗalibi, Kotun Ƙoli ta amince hukumar makaranta na iya dakatarwa. Amma a 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, ta rushe korar ɗalibai domin ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba, ta kuma ce zargin aikata laifi irin wanda doka ke hukuntawa aikin kotu ne. Abin da ya shafe ki a nan shi ne abin da aka rubuta a fayil ɗinta. Ki nemi takardar dakatarwar ki karanta. In an rubuta "mallakar waya", shi ke nan. In an rubuta sata ko lalata, a goge, domin ba a tabbatar da ko ɗaya ba, kuma wannan fayil ɗin ne zai bi ta zuwa takardar shaidar hali.

Ga yadda za ki bi. Daren yau ki zauna da ita da takarda da biro. Ta faɗa da bakinta, ki rubuta: wace rana, ƙarfe nawa, wane ɗaki, su wa ke ciki, ƙofa a buɗe ko a rufe, me aka ce ta cire, wa ya faɗa, me malamin ya ce a ofis, waɗanne kalmomi ya furta a taro. Kada ki gyara mata, kada ki ƙara gishiri. Ƙari ɗaya da aka kama yana rushe gaskiya goma. Ku sa kwanan wata. Sai ki nemi iyayen sauran yaran huɗu. Uwa ɗaya ana iya cewa zafin kai ne ke damunta, iyaye biyar da labari iri ɗaya ba a kore su haka nan.

Sannan wasiƙa zuwa ga firinsifal, kwafi ga mai makarantar, shafi ɗaya ko ɗaya da rabi, babu zagi babu barazana. Ki buɗe da amsa laifin waya. Ki jero abin da ya faru da ranakunsa. Ki nemi kwafin takardar da kika sa wa hannu da littafin dokokin makaranta. A dawo da wayar ba a taɓa ta ba, a kuma tabbatar a rubuce cewa ba wanda ya kwafi komai, in an kwafa a goge a gabanki. A gyara fayil. A ba yarinya haƙuri, a kuma wanke ta daga zargin sata a taron da aka ɓata ta, ba tare da sake ambaton saƙonnin ba. A binciki metiron da malamin horo, a janye hannunsu daga duk abin da ya shafe ta. Ki ba su kwana 7. Ki buga kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a naki. In sakatare ya ƙi karɓa, ki aika ta kamfanin kai saƙo ki ajiye rasit. Ki je da mahaifinta ko wani kawunta mai sanyin kai, duk abin da aka yi alkawari da baki ki ce a rubuta.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki sa labarin a Facebook ko zauren iyaye da sunan makaranta da na malami: za ki ba su damar juya ƙarar ɓata suna kanki, kuma yarinyar da ɗalibai kaɗai suka san zancenta sai duk Zariya ta sani. Kada kuma ki bari yayyenta su je bakin makaranta neman malamin.

In kwana 7 sun cika shiru, ko aka amsa da gatsali, tunda makarantar ta kuɗi ce ki kai koke hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna, wadda ke sa ido kan irinsu. Da ta gwamnati ce, ofishin ilimi na shiyyar Zariya za ki fara. Malamin da metiron, in suna da rajista, majalisar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa na da ofis a Kaduna, kokenta kyauta ne. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da hukumar ba da agajin lauya suna karɓar irin wannan, haka ma cibiyar taimakon shari'a ta tsangayar lauyoyi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, ga ta nan kusa da ke. Sau da yawa wasiƙar lauya guda ɗaya ke sa mai makaranta ya nemi zama, domin sunan makarantarsa ne jarinsa.

Kotu tana nan. Sashe na 46 na tsarin mulki ya ba Babbar Kotu ikon sauraron ƙarar take haƙƙi, akwai ta a Zariya, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun sa ana yin ta ne da takardun rantsuwa, ta fi ƙarar yau da kullum sauri. Ke ko mahaifinta za ku shigar a madadinta. Kotu na iya bayyana cewa an keta haƙƙinta, ta ba da umarnin dawo da waya da ba da haƙuri, ta yanke diyya. Ƙarar take haƙƙi ba ta da wa'adi a waɗannan ƙa'idoji, amma iyayen da yaransu ke makarantar gwamnati su sani cewa sauran ƙararraki a kan ma'aikacin gwamnati ana iya kore su in an wuce wata 3. A namu ganin kada kotu ta zama matakin farko. Lauyan makaranta zai nemi jawo saƙonnin cikin shari'a, kuma sashe na 14 da na 15 na dokar shaida ta 2011 ba su hana karɓar shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya kai tsaye ba, sun bar wa alƙali ya auna. Yarinya na iya sake jin an karanto hirarta, wannan karon a zauren kotu. In kun kai can, lauya ya fara neman a sakaya sunanta. In kuwa ta tabbata an taɓa jikinta ko an ɗauki hoto, ba jiran kwana 7: ofishin 'yan sanda, tare da lauya, a ranar.

Yana yiwuwa makaranta ta mayar da martani da barazanar kai maganar sata ga 'yan sanda. Kada ki firgita. Yarinya ba za ta ba da bayani ba sai ke da lauya kuna wurin, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ta ikon yin shiru har ta ga lauya, kuma ba a samu ko kwabo a wurinta ba.

Mahaifinta ba tsoro ne kawai ke damunsa ba, yana da hujja: wanda ke riƙe da makin yarinya yana iya ramawa a ɓoye. Amma yin shiru bai kawar da wannan ba, tunda malamin na nan, kuma yarinyar da ta ga an tuɓe ta gidansu bai ce uffan ba, gobe in wani abu mafi muni ya same ta ba za ta faɗa ba. Ki nuna masa wasiƙar kafin ki kai, ya ga babu rigima a ciki, ya sa hannu tare da ke. Kada ku tilasta mata komawa ɗakin da aka yi mata wannan. Ku nemi a canza mata ɗakin kwana, a kuma ba ku sunan malama ɗaya da za ta riƙa kai wa kuka, da ranar da za ku riƙa kiranta ta wayar makaranta. In rashin ci da rashin barci suka wuce mako biyu, ku kai ta ta ga likita, a ajiye katin. In kuma kuka ga sauya makaranta ya fi, ƙarshen aji biyu ne lokacinsa, kafin a fara rajistar WAEC. Ku tabbata kun karɓi takardar canjin makaranta da makin gwajinta na aji ɗaya da aji biyu, da hatimi da sa hannu, domin sabuwar makarantar za ta bukace su wajen yi mata rajista. Ku karɓe su tun kafin takardar lauya ta isa teburin firinsifal.